Muryarki ta ci, saura fuska

Shekara huɗu na yi ina karanta labarai a gidan rediyo, ba wanda ya taɓa tambayata launin mayafina. Akwai ranar da na shiga situdiyo da silifas ɗin wanka, idona a kumbure don rashin barci, na karanta labaran ƙarfe shida na safe, ina fitowa wani dattijo ya bugo waya yana sa mini albarka, wai ina fitar da haruffa irin na mutanen da. To da wata tashar talabijin mai zaman kanta ta yi shelar neman masu karanta labaran Hausa, na ɗauka abin da na iya ɗin nan shi za a gwada. Na haɗa kwafin digiri da takardar bautar ƙasa da muryata da na naɗa a waya. Can ƙasan sanarwar an ce a haɗo da hoto biyu, ɗaya na fuska, ɗaya a tsaye daga kai har ƙafa. Na karanta layin na wuce. Ashe daga nan aka fara tankaɗe, don daga baya na ji cewa akwai waɗanda ko takardunsu ba a buɗe ba.

Jarrabawar rubutu ba ta ba ni wahala ba. An ba mu labarai uku na Turanci a ce mu mayar Hausa cikin rabin awa, ɗaya kan kasafin kuɗi, ɗaya kan ambaliya, ɗaya kan wasan ƙwallo. Washegari aka yi gwajin murya a wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da soso. Nan ma gida ne a wurina. Sun cusa sunayen ƙasashen waje masu karya harshe, da adadi mai sifili tara, da jimlolin da ƙ da k ke bin juna don su ga ko za a yi tuntuɓe. Da na fito, shugaban sashen labarai, wanda kowa ke kira Oga, ya cire abin sauraren da ke kunnensa ya ce, "Malama, muryarki ta ci. Saura mu ga fuska."

Aka ba mu kwana uku, tare da ƙa'idar sutura. Kar a sa kore, don bayan mai karatu kyalle ne kore da kwamfuta ke gogewa ta ɗora hoton situdiyo a gurbinsa, wanda ya sa kore sai jikinsa ya ɓace a bar kai yana yawo. Kar a sa atamfa mai ƙananan layuka a jere, tana rawa a allo. Kar a sa sarƙa ko awarwaro mai ƙara. Duk wannan hankali ya ɗauka, sana'a ce, kuma maza da mata aka gaya wa.

A gida kuwa wata ƙa'idar ce daban. Abba bai hana ba, amma ya ce da sharaɗi: mayafi ya sauko ya rufe ƙirji, kuma kar ya ga jan baki irin na amare. Umma ta ce, "Ke dai kar ki sa a riƙa nuna mu da baki a gidan biki." Yayata ta kwaso mayafanta ta zube a kan gado, muka yi ta gwadawa har sha ɗayan dare. Muka tsaya a kan wani fari ƙal mai ɗan ƙyalli, wai zai haska ni. Ni baƙa ce, ba wankan tarwaɗa ba, baƙa sosai irin ta dangin Abba, ga wushirya, ga ɗan jiki. Ban taɓa jin wannan a matsayin matsala ba, sai dai tsokanar ƙannena.

Ranar gwajin mu goma sha ɗaya ne muka rage, mata bakwai, maza huɗu. Aka fara tura mu ɗakin kwalliya. Mazan ba su yi minti biyu-biyu ba: a ɗan buga musu hoda a goshi da hanci don kar su yi maiƙo a ƙarƙashin fitila, a gyara zaman hula, shi ke nan. Ɗaya daga cikinsu ma yana ta ƙunƙuni wai an mai da shi ɗan daudu. Mu kuwa kowacce sai da ta kusa cinye minti arba'in a kujera. Mai kwalliyar, wadda muke ce wa Anti, mace ce mai fara'a da saurin hannu. Ta zana mini gira, ta sa gazal, ta ja mini layi biyu a gefen hanci don ya ƙara tsawo, ta yi duhu-duhu a ƙarƙashin kumatu wai fuskar ta rage faɗi. Da aka zo man da ake shimfiɗawa kafin hoda sai ta tsaya tana jujjuya kwalabe. Tana da kala biyar ko shida, duk babu nawa. Mafi duhunsu ya fi ni haske nesa ba kusa ba. Ta cakuɗa biyu a bayan hannunta ta shafa mini, ta ce, "Haka ma ya fi, ƙanwata, kyamara haske take so." Na dubi madubi na ga fuskata ta yi furu-furu kamar an yi wa tukunya farar ƙasa, wuyana kuma yana nan da launinsa.

Situdiyon sanyi kamar firji, amma da aka kunna fitilu sai na ji zafi a goshi. Aka saƙala mini ɗan makirufo a ƙarƙashin mayafi, aka cusa mini wani abu a kunne da darakta ke magana ta ciki. Rubutun labarin yana tafiya a jikin gilashin da ke gaban kyamara, ta yadda kina karatu amma mai kallo na ganin kamar cikin idonsa kike duba. Wannan kaɗai sabo yake so. A rediyo na saba sunkuyar da kai a kan takarda, in yi ta motsa hannu, in ɓata fuska in labarin ya yi muni. Nan kuwa an ce kafaɗa a tsaye, haɓa ƙasa kaɗan, kar ido ya riƙa bin layi hagu da dama. Mayafin Yaya kuma duk numfashin da na yi sai ya gogi makirufo ya yi ƙaras-ƙaras, sai da aka tsayar da ni sau biyu aka kama shi da fil.

A karo na uku na tafi sumul. Labarin ambaliyar nan ne, na san shi, ni na fassara shi da hannuna. Ina gama jimlar ƙarshe na yi shiru ina kallon kyamara kamar yadda aka ce. Ashe darakta ya manta bai kashe layin kunnena ba. Sai na ji wata murya daga ɗakin sarrafawa tana cewa, "Karatu kam ta fi su duka." Wata ta amsa, "Ta iya, amma ba ta fita. Duba fa, ido da haƙori kawai ake gani." Wani ya yi dariya ya ce, "Ta shanye mana fitila." Ina zaune, murmushin da aka ce in yi yana nan a bakina, na rasa yadda zan sauke shi.

"Ba ta fita." Daga baya na gane kalmar gidan ce. Ba a cewa mace mummuna ce, ba a cewa ta yi baƙi ko ƙiba ko tsufa. Sai dai a ce ba ta fita, ko kyamara ba ta son ta, ko ba ta da fuskar talabijin. Laifin sai ya koma kan na'ura, wadda ba a iya kai ƙararta ko'ina.

Ina goge fuska a ɗakin kwalliya Anti ta rufe ƙofa. Ba da mugunta ta yi maganar ba, har yau ina da yaƙinin taimakona take son yi. Ta ce za a sake kiran mutum biyar bayan sati uku, kuma ta ji ina ciki saboda karatuna. "Amma ki taimaki kanki. Ki ɗan yi haske kaɗan, ki rage tuwon dare. Akwai mai haɗa mana, ba bilicin ba ne, gyaran fata ne." Ta lissafo mini waɗanda nake gani a allo tun ina makaranta, ta ce in je in nemo hotunansu na da.

Abin kunyar shi ne na san komai game da wannan man. A farkon 2023, lokacin da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, da bakina na karanta labarin a rediyo. Da bakina na faɗi alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da aka daɗe ana ambato, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya na amfani da kayan ƙara hasken fata. Na yi hira da likitan fata ya yi bayanin sinadarin haidurokwinon da makuri da sitiroyid da ake zubawa a irin haɗin nan, yadda suke sa fata ta yi siriri ta ƙi warkewa in an ji rauni, yadda makuri ke taɓa ƙoda, yadda gaɓoɓin yatsu ke ƙin bin sauran jiki su tona asiri. Duk na sani. Kuma duk da haka ranar Asabar na hau adaidaita na je na karɓo, a wata 'yar roba marar suna marar lamba, na ɓoye a ƙasan akwati kamar kayan sata.

Kwana tara na yi ina shafawa. Zan so in ce tunani ne ya hana ni ci gaba, ko tsoron Allah, amma gaskiya ƙuraje ne. Kumatuna suka yi ja suka fara raɗaɗi in na shiga rana. Umma ta kama haɓata ta juya fuskata wajen taga, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Wa kike so ki zama?" Ba ta ƙara ko kalma ba. Ta aiki ƙanina ya sayo man kaɗanya.

Wanda ya warware mini matsalar ba ya cikin masu ba da maki. Na koma tashar karɓar takardar gayyata ta biyu, na tarar da wani tsoho a kan tsani yana ɗaure fitila. Baba mai fitila ake ce masa. Ya yi ritaya daga gidan talabijin na gwamnati, aka ɗauko shi kwantiragi. Ya gane ni, ya sauko, ya ce, "'Yata, ke ce mai farin mayafin nan? Wa ya ce ki sa fari?" Ya yi mini bayani a tsaye. Kyamara tana auna hasken da ke shigo mata ne. In aka kewaye baƙar fuska da farin kyalle mai ƙyalli, dole a tsuke idon kyamarar don kar farin ya ƙone, da an tsuke kuwa sai fuskar ta nutse. Sannan wadda aka gwada kafin ni fara ce tas, a kanta aka saita komai, ba wanda ya taɓa ko maɓalli ɗaya da na zauna. Ya ce baƙar fata tana son fitila mai laushi daga gaba, da wata daga baya da za ta zana kafaɗa da kai ta raba mutum da bango, da hodar da ta dace da ita don ta kashe maiƙo kawai, ba ta sauya launi ba. "Tun 1959 ake talabijin a Ibadan, Kaduna tun 1962. Da aka haɗe mu aka yi NTA a 1977 su wa muke haskawa? Turawa? Lalaci ne kawai, yaran yanzu ba sa son hawa tsani."

Daga baya na karanta cewa abin ya girmi lalacin yaran yanzu. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, a kan fatarta ake daidaita launi, duk wanda ya fi ta duhu sai yadda hali ya yi. Amma ni a ranar abin da na riƙe shi ne shawarar Baba: mayafi ruwan hanta ko shuɗi mai duhu, marar ƙyalli, kuma in zo da hodata. Sai da na zaga shaguna huɗu kafin na samu kalar da ta yi daidai da ni, kuɗinta kuma ya kusa cinye rabin albashina na rediyo.

Gwaji na biyu Baba ya hau tsaninsa ya juya fitila biyu, ya leƙa ɗakin sarrafawa ya yi musu magana. Minti biyar bai cika ba. Da aka nuna mini abin da aka ɗauka na ga kaina yadda nake ganin kaina a madubin ɗakinmu. Oga ya ce, "Ah, yau kin fita. Me kika yi?" Anti ta ƙifta mini ido, ita a ganinta haɗin ne ya fara aiki. Ban gyara mata ba.

Sai ganawa da manya, su huɗu a bayan tebur, da mace ɗaya a cikinsu. Na kwana ina bitar sunayen ministoci da gwamnoni da rikicin Sudan. Tambaya ɗaya aka yi mini a kan labarai. Sauran: shekarunki nawa? Kina da aure? Akwai tsayayye? In kin yi auren zai bar ki ki riƙa fitowa? Hajiyar ce ta yi mafi nauyin, cikin murya mai taushi kamar tana ba ni shawara: in ciki ya zo fuska takan kumbura, na san za a ɗan janye ni zuwa karanta rahoto ta bayan fage? Sannan ta ce kyamara tana ƙara wa mutum jiki, in kula. Da muka fito na tambayi ɗaya daga cikin mazan abin da aka tambaye shi. Ya ce cire tallafin man fetur, da ko zai iya aikin dare. Mutumin nan yana da tumbin da babbar riga ce kawai ke rufa masa asiri, kuma an ɗauke shi, kuma ya cancanta, don ya iya aiki.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce yarinyar nan fara da aka saita fitila a kanta. Kyakkyawa ce ta bugawa a jarida, karatunta ma ba laifi. Kowa ya ɗauka ta gama samu. Ba a ɗauke ta ba. Abin da ya fito daga ɗakin shi ne wai kyanta ya yi yawa ga labarai, idonta yana da rawa, masu kallo za su ce 'yar fim aka kawo, malamai za su yi magana. Aka ce ta dawo in za a fara shirin girke-girke ko na ado. Nan na gane ramin ba ɗaya ba ne. A wajenmu ana so mace ta yi kyan da zai hana a canza tasha, amma kar ya kai wanda za a ce tana nuna kanta. Ta rufe jiki, amma kar ta yi kama da mai zuwa ta'aziyya. Ta yi murmushi, amma kar haƙora su fito da yawa. Tsakanin biyun akwai wata 'yar siririyar hanya kamar gefen reza, kuma babu takardar da aka rubuta inda take.

Ba mu kaɗai ba ne, na sani. Muna jami'a a 2016 gidan talabijin na gwamnatin Masar ya dakatar da mata takwas masu gabatarwa, aka ba su wata guda su rage ƙiba, kuma shugabar da ta ba da umarnin mace ce, tsohuwar mai gabatarwa. A tashar gwamnatin Masar ɗin dai, sai a 2012 aka fara barin mai lulluɓi, Fatma Nabil, ta karanta labarai, bayan shekaru ana mayar da masu ɗankwali bayan kyamara. Can an hana mace fitowa saboda tana rufe kai, nan da ta fito babu ɗankwali da tashar ba ta kwana lafiya ba. A lokacin mun yi ta muhawara a aji kamar labarin wata duniya.

Kuma kar in wanke kaina tas. Kafin in shiga harkar, ni da Yaya mun sha zama gaban talabijin muna tsefe masu karanta labarai: wannan ɗaurin ture-ka-ga-tsiyar bai zauna ba, waccan ta maimaita leshin da ta sa ranar Talata, wannan hodar ta yi mata yawa. Ban tuna ranar da muka tanka hular wani namiji ba. Masu tashar ba daga sama suka samo ma'auninsu ba, irinmu suke tsoro.

Aka ɗauke ni gwajin wata uku. Daren farko na karanta labarai tara, ciki har da harin da aka kashe mutane a wani ƙauye, wanda na yi ta addu'a kar muryata ta karye a kansa. Da aka ɗora bidiyon a Facebook na yi kuskuren da kowa ya gargaɗe ni a kai, na shiga karanta ra'ayoyi. Wani ya ce in ji tsoron Allah wuyana na fitowa. Na ƙasansa ya ce wannan wace 'yar ƙauye ce aka naɗe kamar ƙunshin goro. Wata ta tambayi inda na sayi mayafin. Wani ya ce tashar ta rasa farare ne? Mutum biyu sun nemi aurena. Na ƙirga waɗanda suka ambaci ƙauyen da aka kai wa hari, ban cika yatsun hannu ɗaya ba. A bidiyon abokin aikina na washegari kuwa faɗa ake ta yi kan farashin fetur.

Bayan wata ukun aka ba ni takardar aiki. Na karanta ta sau biyu. Ta yi maganar lokacin zuwa, da hutu, da riƙe sirrin tasha. Babu kalma ɗaya a kan fata ko nauyi ko shekaru, babu kuma kuɗin sutura. Na je na sami Oga na ce tunda ana so kullum in fito da sabon kaya, a ɗan sa mana wani abu. Ya yi dariya ya ce, "Ku mata ai kuna da kaya." Na ba shi labarin Karl Stefanovic, mai gabatar da shirin safe a Ostareliya, wanda ya shekara yana sa kwat shuɗiya guda ɗaya don ya gwada mutane, ba wanda ya lura har sai da ya tona da kansa a 2014, alhali abokiyar aikinsa kullum cikin karɓar saƙonni take kan rigunanta. Oga ya ce labarin ya yi daɗi, in rubuto shi a sa a ƙarshen labaran ranar Lahadi. Maganar kuɗin kuma za a duba.

Ana nan ana dubawa. Baba mai fitila kwantiraginsa ya ƙare, amma kafin ya tafi ya manna ɗan farin tef a jikin kowace fitila ya rubuta harafin farko na sunana, don yaran su san inda za su juya in ni ce a kujera. Wani lokacin suna juyawa, wani lokacin sai na tuna musu. Hodata tana cikin jakata, ba na barin ta a ɗakin kwalliya. Ina da wani ɗan littafi da nake rubuta abin da na sa kowace rana, kala da ɗinki da mayafi, don kar in maimaita kafin sati uku. Abokin aikina kaftani huɗu gare shi da hula biyu, na ƙirga. Jibi ni ce a labaran ƙarfe bakwai, littafin kuma ya nuna ruwan hantar nan na sa shi ranar Litinin da ta wuce, shuɗin yana wajen mai guga. Na bugo wa Yaya ta ce in zo bayan la'asar, amma in taho mata da guda biyun da na ara a watan jiya.